Baba Ya Zo Ganin Gida

Hotuna aka fara saukewa. Matar da dillali ya kawo ta tsaya a tsakiyar falo da takalminta mai tsini, ta bi bangon da kallo tun daga hoton auren Baba da marigayiya Mama har zuwa na jikoki, sannan ta ce, "Duk waɗannan su sauka."

Sana'arta ke nan. Idan za a sayar da babban gida, ita ake kira ta shirya shi yadda zai shiga ran mai saye, shi ya sa dillali yake ce mata Mai Kwalliya, sunan kuma ya bi ta. Kada a ɗauki alhakinta, ba muguwa ba ce. Mace ce mai fara'a da ta san aikinta, har ma ta lura da Auta tsaye a bakin ƙofa da kofin maganin Baba a hannu, ta sassauta murya ta ce, "Ƙanwata, kada ki ji haushi. Mai saye ba gidanku ya zo gani ba, gidansa ya zo gani. Da zarar ya ɗaga kai ya yi ido biyu da kakan wani, to ciniki ya tashi."

Auta ta ce, "To."

Ita wannan "to" ɗin ce kusan duk maganar da ta rage mata. Tun da mantuwa ta kama Baba ita ke tare da shi, ita ce wanka, ita ce magani, ita ce neman tabaron da ya ɓoye a firji. Yayyenta kowa yana garinsa da iyalinsa, suna ƙaunar Baba ta waya, suna kuma da shawarwari masu kyau ƙwarai, irin na wanda ba shi zai wanke zanin gado ba. Da Baba ya zame a matakalar bene ya fasa goshi, sai Yaya Babba ya haɗa kowa a waya aka yanke magana: gidan ya yi wa mutum biyu girma, ga bene, ga lambu, ga wurin ninƙaya da babu mai shiga sai ganye. A sayar, a kama wa Baba ƙaramin wuri kusa da Yaya. Ranar kam Auta ta ɗan yi magana. Ta ce, "Yaya, Baba ba zai gane wani wuri ba." Yaya Babba ya ce, "Auta, yanzun ma me yake ganewa?"

Akwai abin da yake ganewa, sai dai ba abu ne da ake iya nuna wa mutum ta waya ba. Tun rasuwar Mama Baba ya sauko ƙasa ya tare a ɗakin da yake zanen gine-gine lokacin yana injiniya. A ɗakin akwai tsohuwar kujerar fata da hannunta ɗaya ya yage, tana fuskantar taga. Akwai teburin zane da ya zama wurin ajiye kwalaben magani, da rediyon da ta daina magana tun tuni, da bargon Mama a naɗe a ƙarshen gado. In Baba yana zaune a kujerar nan, Auta ta shigo ta ƙofar da ke hagunsa da tire a hannu, sai ya juyo ya ce, "Tsintsiya, kin tashi?" Sunan da ya sa mata ke nan tun tana ƙarama saboda rama. A falo yakan ce mata "yarinya". A asibiti ya taɓa tambayarta ko ita ce sabuwar nas. A wannan ɗakin kaɗai take 'yarsa, kuma likita ya faɗa mata da bakinsa cewa kada a matsar da ko cokali daga inda ya saba ganinsa.

Saboda haka ta roƙi abu ɗaya, a bar ɗakin Baba yadda yake. Mai Kwalliya ta ce babu komai.

Sauran gidan kuwa aka shiga yi masa fiɗa. Aka shafe bango da farin fenti, har da wurin da aka riƙa auna tsawon yara da biro. Aka fitar da manyan kujerun Mama aka kawo wasu ƙanana masu siririn ƙafa, don falo ya ƙara faɗi a ido. Aka kwashe kayan da ke cikin kowace wadurob aka bar 'yan riguna kaɗan farare, waɗanda ba na kowa ba, wai don mai saye ya ga akwai sarari. Littattafai aka juya bayansu bango, don kalar bangonsu tana ɓata tsari. A kicin aka ajiye ƙaton kwano cike da lemon tsami da ba a yanka, a banɗaki aka jera tawul da ba a goge jiki da su. Talabijin ɗin da aka rataye a falon sama ƙwarya ce kawai, babu komai a cikinta. Gadajen ɗakunan baƙi kuwa kwalaye ne aka jera aka ɗora katifar iska aka lulluɓe da zannuwa masu tsada. Auta ta san haka ne ranar da gajiya ta sa ta zauna a bakin ɗaya, ta tsinci kanta a ƙasa ƙafafu a sama. Ma'aikatan Mai Kwalliya su biyu suka yi ta ƙunshe dariya. Ita ta tashi ta gyara musu zanin.

Ta yi tsammanin ranar da aka fitar da keken ɗinkin Mama za ta yi kuka. Ta tsaya a baranda tana kallo ana ɗora shi a mota, tana jiran abin ya zo, bai zo ba. Zuciyarta ta zama kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta, ana taɓawa amma kamar ta wani ake taɓa. Abin bai ma ba ta tsoro ba. Ta koma ciki ta duba ko lokacin magani ya yi.

Dokokin zama a gidan ma suka sauya. Ba a dafa abin da ke da ƙamshi mai kama labule. Ba a barin kofi a wurin wanke-wanke. Auta ta koma kwana a kan 'yar katifa a gefen gadonta, don in ta hau shi ba ta iya mayar da matasan kai yadda Mai Kwalliya ta jera su. Da safe ta naɗe katifar ta tura ƙarƙashi, ta goge madubi, ta bi bayan kanta tana share sawunta.

Masu saye suka fara zuwa. Na farko suka zaga ko'ina suna gyaɗa kai, da suka iso ƙofar ɗakin Baba suka tarar da ita a kulle, sai fuskarsu ta sauya. Dillali ya kira Auta gefe bayan sun tafi. Mutum ne mai yawan turare da yawan murmushi, kuma bai taɓa faɗin magana marar daɗi ba tare da ya fara yabon mutum ba. Ya ce, "Kina ƙoƙari wallahi, samun 'ya irinki sai an tona. Amma ƙofa a kulle tana kashe ciniki. Kowa sai ya ɗauka gawa muka ɓoye." Zuwa na biyu aka buɗe ƙofar. Matar mai sayen ta leƙa, warin man zafi da na magani ya doke ta, Baba kuma ya ɗago daga kujera ya tambaye ta ko ta kawo masa jaridar. Ba su ko hau bene ba.

Yaya Babba ya bugo da yamma. Mai Kwalliya ce ta kawo mafita, kuma a baki mafitar ba ta da laifi. Duk ranar da za a zo ganin gida, direba ya ɗauki Baba ya kai shi shan iska bakin tafki. Kafin masu saye su iso a kwashe kayan ɗakin a kai sito, a shirya shi a matsayin ɗakin karatu. Suna tafiya a mayar da komai inda yake, sannan a kira direba ya dawo da shi. "Ko kusa ba zai sani ba," in ji ta. Auta ta buɗe baki za ta ambaci likita, sai ta ji ba ta da ƙarfin ɗaga maganar har ƙarshenta. Ta ce to.

Da farko ta manna salatif a ƙasa daidai inda ƙafafun kujera da na tebur suke. Mai Kwalliya ta ɓamɓare, ta ce yana bayyana a hoto. Sai Auta ta ɗauki ɗakin a wayarta ta kowace kusurwa, da shi ake mayar da kaya. Ma'aikatan suka ƙware. Su ɗauke kujerar fata su kawo farar kujera mai juyawa, su ɗauke teburin zane su kawo na gilashi, su fesa turaren ɗaki, su buɗe taga. Da yamma su juya abin. Amma hoto ba ya nuna komai da komai. Wata rana kujerar ta ɗan karkace, rana ta riƙa dukan idon Baba. Wata rana aka naɗe bargon ta wata fuska. Kullum kuma ƙamshin turaren nan yana maƙale a labule, ɗakin yana warin otal.

Baba bai yi ƙorafi ba. Abin da ya faru kawai shi ne sunan ya fara jinkiri. Da, tana turo ƙofa yake faɗa. Yanzu sai ta ajiye tire, ta zuba shayi, yana kallonta yana motsa leɓe kamar mai laluben canji a aljihu, can sai ya ce, "Tsintsiya." Ita kuwa takan tsaya riƙe da cokali har sai ya faɗa, sannan ta ci gaba da numfashi yadda ta saba. Ta lura da jinkirin sarai. Ta gaya wa Yaya Babba, ya ce ai ciwon ne yake tafiya, da ma likita ya ce haka zai riƙa yi. Wataƙila ma gaskiyarsa ne, kuma wannan ya ba ta wurin fakewa.

Ranar da abin ya faru, wani matashi mai kamfanin jigilar kaya ne zai zo da matarsa, kuma dillali ya ce waɗannan da gaske suke. Mai Kwalliya ta zo da wuri, ta sauya furannin tulu, ta kunna duk fitilun gidan da rana tsaka. Ɗaya daga cikin ma'aikatanta bai zo ba, don haka ta miƙa wa Auta kwandon 'yan ledoji shuɗɗa da ake sa wa takalmi don kada a taka farin kafet. "Ƙanwata, taimaka ki tsaya a ƙofa ki riƙa miƙawa. Ba sai kin ce ke 'yar gidan ce ba, sun fi sakin jiki in babu masu gida." Masu sayen suka yi latti sosai. Kowa hankalinsa yana kan titi, babu wanda ya tuna ya gaya wa direba ya ƙara jira, shi kuwa da ya ga lokacin da aka saba kiransa ya wuce, sai ya kamo hanyar gida da Baba.

Motoci biyun kusan tare suka shigo. Matashin da matarsa, mai tsohon ciki, suna bakin ƙofa suna sa leda, sai ga Baba ya tako a hankali da sandarsa, direba na biye da shi yana zare ido. Auta takan shirya shi tsaf in zai fita, don haka yana cikin kayansa masu kyau, gashinsa fari a taje, tabarau a fuska. Ya tsaya a bakin ƙofar da shi ya zana ta. Ya kalli farin bango, ya kalli ƙaton madubin da bai taɓa gani ba, da tulun furanni, da fitilu. Sai ya gyara tsayuwa ya yi sallama.

Matar ce ta amsa masa da murmushi. "Sannu Baba. Kai ma gidan ka zo gani?"

Baba ya ɗan yi dariya irin ta mai kunya. "To, ga shi dai an kawo ni."

Dillali ya matso kusa da Auta, murmushinsa bai motsa ba, ya yi magana ta gefen baki. "Don girman Allah ki lallaɓa. Kada a yi abin da zai kore su."

A gaskiya ba wani abu mai wuya ake nema a wurinta ba a lokacin. Ta ajiye kwando, ta kama hannunsa, ta ce, "Baba, ni ce, zo mu je lambu." In ya gane ta, shi ke nan. In bai gane ta ba ya yi gardama, iyakaci baƙi su ji kunya su tafi, gida ya ƙara kwana. Ta san wannan duka, tana ganinsa a fili. Amma wanda ya daɗe yana cewa to, bakinsa yakan riga shi. Ta ji muryarta tana cewa, "Yallaɓai, ga na takalmi."

Baba ya karɓi ledar ya jujjuya ta. Ba ya iya sunkuyawa, don haka ta durƙusa ta ɗaga ƙafarsa ta sa masa, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda take sa masa safa kowace safiya. Ya dafa kafaɗarta don kada ya faɗi. Da ta miƙe ya dube ta da kyau, ya ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yan mata. Iyayenki sun iya tarbiyya."

Aka shiga zagaye. Dillali yana gaba yana zuba, Mai Kwalliya tana gefe fuskarta ta yi fari kamar bangonta, Auta tana baya da kwando. Baba kuwa sai ga shi ya warware. Rabon da a ga ya miƙe haka an daɗe. Ya ƙwanƙwasa bango da kan sandarsa ya kasa kunne. "Ka ji ko?" ya ce wa matashin. "Ba a yi rowar siminti a nan ba." Ya ɗaga kai ya bi ginshiƙin falo da ido, ya ce wanda ya yi wannan ba ɗan koyo ba ne. Ya murɗa famfon kicin ya sa hannu ya ji ƙarfin ruwan. Ya ɗauki lemon tsami ɗaya ya shinshina, ya tambaya ko masu gidan mura ke damunsu. Matar ta yi dariya har tana riƙe ciki.

A lungun da ke kaiwa sito an manta ba a kunna fitila ba. Dillali ya shiga lalube a bango yana ba da haƙuri. Baba ya miƙa hannu bayan ƙofa ba tare da ya duba ba, wuri ya haske. Ya tsaya yana kallon hannun nasa, kamar wani ne ya ara masa. Auta ta zuba masa ido. Sai ya sauke hannun ya ce, "Nan ɗin dai ya kamata a sa shi," ya wuce.

Kafin a gama ƙasa, matashin ya bar dillali ya koma bin Baba. Ya tambaye shi yadda ya ga rufin. Baba ya ce, "Ɗana, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni baƙo ne kamarka. Amma in ni ne kai, in an yi ruwa mai ƙarfi zan zo in duba kusurwar can." Ya nuna da sanda daidai wurin da aka shafa wa fenti har hawa uku. Dillali ya yi tarin da ba na mura ba. Matashin kuwa abin sai ya ƙara masa natsuwa, don aibi ɗaya da aka nuna masa ya sa ya yarda da sauran yabon.

Daga nan aka buɗe ɗakin karatu. Baba ya shiga bayan kowa. Ƙafafunsa suka kai shi gaban taga, daidai inda kujerarsa take zama, ya tsaya a wurin da babu komai sai kafet. Ya ɗan lanƙwasa gwiwa kamar zai zauna, ya fasa. Auta ta ajiye kwandon a waje. Ta shigo ta ƙofar hagunsa, a hankali, hannuwanta biyu a gaba kamar tana ɗauke da tire, ta tsaya inda take tsayawa kullum. Ba ta damu da wanda ke kallonta ba. Baba ya juyo. Ya dube ta, ya dubi teburin gilashi, da farar kujera, da littattafan da suka juya wa mutane baya.

"Wannan ɗakin sabo ne," ya ce. "Ba a taɓa zama a cikinsa ba."

Mai Kwalliya, duk da halin da take ciki, sai da ta ɗan ji daɗi. A sana'arta babu yabon da ya kai wannan.

Masu sayen ba su ɓoye ba, gidan ya kwanta musu. A bakin mota matashin ya ce wa dillali, "Tsohon nan ya fi ka iya talla. In ba ka yi sauri ba ma shi zai riga ni." Dillali ya yi dariya har da dukan cinya. Matar ta dawo da baya ta gaishe da Baba, ta ce ya sa musu albarka, ya sa. Ba a jima ba Yaya Babba ya bugo, muryarsa cike da murna, ya ce an daidaita, saura takardu. Ya ce, "Kin huta, Auta. Wallahi kin huta." Ta ce to, ta kashe wayar.

Baba yana falo, a bakin farar kujera, bai jingina ba. Direba ya kawo masa shayi ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Da direba ya sunkuya zai cire masa ledar takalmin, ya janye ƙafa ya ce a bari, dokar masu gida ce.

Auta ba ta taɓa mayar da ɗakin da kulawa irin ta ranar ba. Ta sa ma'aikacin da ya zo da direba suka shigo da kujerar fata, ta duba hoto, ta ce a matsa, ta ce a dawo, ta durƙusa tana neman tsohon gurbin ƙafafun a jikin tayil. Ta jera kwalaben magani da kanta, doguwar a baya, mai jan murfi a gaba. Ta juya rediyon ta ɗan kalli gado. Ta cire labulen da ya sha turare ta je sito ta tono tsohon, da ƙurarsa da komai, ta rataye. Ta buɗe man zafi ta shafa a hannun kujerar, da gefen katifa, da bayan ƙofa, har idonta ya fara yaji. Mai Kwalliya ta leƙo za ta yi sallama, ta ga abin da ake yi. Ta ce, "Ƙanwata, yau ce ta ƙarshe, ba za a sake taɓawa ba." Ta faɗa ne don ta kwantar mata da hankali. Auta ta gyaɗa kai, tana naɗe bargon Mama yadda Mama take naɗe shi.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta je falo ta ce masa ya taso. Ya biyo ta ba musu. A bakin ƙofar ɗakin ta matsa gefe don ya fara shiga, ya zauna, ita kuma ta je ta ɗauko tire. Sai ya ja ya tsaya. Ya leƙa ciki ya ga kujerar da ta lotsa daidai jikin mai ita, da kwalabe, da bargo, da silifas a gefen gado. Fuskarsa ta yi laushi.

"Af," ya ce a hankali. "Ashe da mutum a gidan."

"Shiga mana, Baba."

Ya shiga, yana takawa a hankali don kada ya taɓa komai. Ya zagaye kujerar fata ya bar ta, ya je ya zauna a kan 'yar kujerar katako da ke jikin bango, wadda likita ke zama in ya zo. Ya ɗora sandarsa a cinya. Auta ta nuna masa ta fatar, ta ce nan ya fi daɗi. Ya girgiza kai. "A'a, baiwar Allah. Ba a zama a kujerar maigida."

Duk da haka ta je ta ɗauko tiren. Ta shigo ta ƙofar, ta ajiye, ta zuba shayi, ta tsaya riƙe da cokali. Ya bi ta da kallo har ta gama, da ladabi, kamar yadda baƙo ke kallon mai yi masa hidima.

"Dattijo ne ko?" ya tambaya, yana nuna kwalaben da haɓa.

"Dattijo ne."

"Ba shi da lafiya."

"Yana fama."

"Allah sarki. Ke 'yarsa ce?"

Ta ce, "Eh. Ni 'yarsa ce."

"Na ga alama. Ya yi dace." Ya sunkuyo kaɗan, ya rage murya, irin ta mai ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. "Ki ce masa in ji ni, kada ya sayar. Na zaga ko'ina, na ga aikin. Mutum ba ya yin irin wannan gini sau biyu. Yaran nan da suka zo suna da kirki, amma su nemi wani. A shekarunsa ina za shi? In aka fitar da shi daga ɗakin nan ɓacewa zai yi." Ya gyara zama. "Ko da yake bari in gaya masa da bakina, ya fi. Yana ciki?"

Auta ta kalli kujerar fata, ta kalle shi. A nan ne ƙafar da ta daɗe a mace ta fara farfaɗowa, kuma duk wanda ya taɓa ji ya san ba daɗi ne ke fara zuwa ba. Baƙin ciki ya taso mata, da kunya, da sanin cewa da bakinta ta ce masa yallaɓai. Ta so ta durƙusa ta kama gwiwoyinsa ta faɗa masa sunan da kanta. Amma ta san in ta faɗa, zai yi murmushi ne kawai ya ce suna mai daɗi.

"Je ki kira shi," in ji Baba. "Ba na sauri, zan jira."

Ta ajiye cokalin. Ta fita ta ja ƙofar ba ta rufe duka ba, ta yi 'yan taku a farin lungun, ta tsaya, don babu inda za ta je. Ta jingina goshinta da bango, kafaɗunta suka fara rawa, ta toshe baki da hannu don kada baƙon ya ji. Daga cikin ɗakin ta ji ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin a hankali. Can ya yi gyaran murya, don maigidan ya san ana jiransa.